Tasirin Nau'in Itace a kan Ƙwayoyin Halittar Ƙasa a Dazuzzukan Turai

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan yadda irin itacen da ya mamaye daji ke zaɓen ƙananan halittun da za su rayu a ƙarƙashinsa, wato bakteriya da funfuna. Kasancewar itatuwan ƙasashe masu matsakaicin sanyi ba su da sunaye a Hausa, an ari nasu an hausantar da su.

Hanya ta farko ita ce ta ganyen da ke zuba da kaka. A Siyemiyanise ta ƙasar Folan an dasa nau'o'in itace 14, kowane a filinsa, a kan ƙasa iri ɗaya. Bayan kimanin shekara 30 sai Peter Reich da abokan aikinsa suka bayyana, a 2005, cewa ƙasar ta bambanta ƙwarai. Ganyen lindin, mai yawan sinadarin kalsiyam, ya rage tsamin ƙasa, tana ta yawaita, ganye na ruɓewa da wuri. A ƙarƙashin fayin kuwa ƙasa ta yi tsami, busasshen ganye ya taru jibgi. Galibi funfuna ta fi bakteriya jure irin wannan tsami.

Hanya ta biyu, wadda ta fi ban sha'awa, ita ce ta saiwa. Tun a 1885 Bajamushe Albert Frank ya laƙaba sunan maikoriza ga cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da ke tsakanin saiwa da funfuna: itace ya ba da sukari, funfuna ta kawo ruwa da sinadaran abinci. Sai dai kowane itace da abokiyar hulɗarsa. Ta ok da bic da fayin lulluɓe saiwa take yi kamar kube, ta mafil da ash kuwa kutsawa take har cikin ƙwayoyin saiwar. Shi alda bakteriya yake ajiyewa a ƙulle-ƙullen saiwarsa, mai kamo naitirojin daga iska, kwatankwacin abin da gawo ke yi a gonakin Hausa.

Lamarin bai tsaya ga masana ba. Cutar da ke busar da ash, wadda ta ɓulla a Folan a farkon shekarun 1990 aka kuma fara gano ta a Ingila a 2012, tana kawar da itace mai saurin ruɓewar ganye. Duk inda bic ya gaje shi, ana sa ran ƙasar za ta ƙara tsami, mazaunanta kuma su sauya.