Manufar masana'antu

Manufar masana'antu ita ce matakan da gwamnati ke ɗauka da gangan domin ta ɗaga wasu masana'antu da ta zaɓa, maimakon ta bar wa kasuwa. Matakan sun haɗa da ƙara kuɗin fito a kan kayan waje, ba da rance mai sauƙin ruwa, rangwamen haraji, da kafa kamfanoni mallakar gwamnati. Masana tattalin arziki sun daɗe suna jayayya a kan amfaninta.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa sabuwar masana'anta ba za ta iya gogayya da tsofaffin kamfanonin waje ba sai an kare ta har ta tsaya da ƙafafunta. Alexander Hamilton ya kawo wannan hujja a Amurka a 1791, Friedrich List na Jamus ya faɗaɗa ta a 1841. Masu adawa kuwa suna cewa jami'an gwamnati ba su da masaniyar kamfanin da zai yi nasara, kuma kariyar kan koma hanyar azurta 'yan lele, talaka ya riƙa sayen kaya da tsada.

Misalin Koriya ta Kudu

A 1968 gwamnatin Park Chung-hee ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO. Bankin Duniya ya ga aikin bai dace da ƙasar ba a lokacin, masu ba da rance na Yamma suka janye, sai aka gina shi da kuɗin da Japan ta bayar bayan yarjejeniyar 1965. Ya fara samar da ƙarfe a Pohang a 1973, daga baya ya shiga sahun manyan kamfanonin ƙarfe na duniya. A shekarar ce kuma gwamnati ta ƙaddamar da shirin manyan masana'antu, ciki har da ƙera jiragen ruwa da sinadarai.

A littafinta na 1989, Alice Amsden ta nuna cewa tallafin ba kyauta ba ne: ana gindaya wa kamfani sharaɗi, musamman na yawan kayan da zai sayar a ƙetare, wanda ya gaza kuma yana iya rasa rancen. Rahoton Bankin Duniya na 1993 ya amince cewa wasu matakan sun taimaka, amma ya fi jingina nasarar ga ilimi, tanadi da daidaiton tattalin arziki. Masu suka sun ƙara da cewa shirin ya tara dukiya a hannun 'yan tsirarun iyalai masu manyan kamfanoni.

Najeriya

Najeriya ma ta gwada ƙarfe. An kafa kamfanin Ajaokuta, a jihar Kogi ta yanzu, a 1979, aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar ginawa. An kashe biliyoyin daloli, amma shekaru fiye da 40 babbar maƙerarsa ba ta narka tama ba. Masu adawa kan kafa hujja da shi, masu goyon baya kuma su ce matsalar ta gudanarwa ce da rashin hukunta gazawa.