Ɓoyayyen Furen Ɓaure da Ƙwaron da Ke Yi Masa Barbara

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka zai tarar da durumi da ceɗiya a ƙofar gidaje da masallatai, itatuwan da su da gamji da ɓaure dangi ɗaya ne da masana tsirrai suke kira Ficus, mai nau'i fiye da 750, akasarinsu a dazuzzukan wurare masu zafi da yawan ruwan sama. Babu wanda ya taɓa ganin fure a rassan waɗannan itatuwa, domin abin da ake kira ɗan ɓaure shi kansa jaka ce rufaffiya, wadda ɗaruruwan ƙananan furanni suke jere a bangonta na ciki, ba ta da mashiga sai wata 'yar ƙofa a tsininta da ɓawo-ɓawo suka toshe.

Tunda iska da ƙudan zuma ba su da hanyar kai wa furannin garin fure, wato ƙurar da ke sa iri ya ƙullu, aikin barbara ya rataya ne a wuyan wani ƙwaro ɗan dangin rina da zanzaro, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, kuma kusan kowane nau'in itacen yana da nasa ƙwaron. Macen tana bin ƙamshin ɗanyen ɓaure, ta kutsa ta ƙofar nan da ƙyar har fikafikanta su karye, sannan ta bi furanni tana zuba ƙwai a wasu, tana shafa wa wasu garin da ta ɗauko daga ɓauren da aka ƙyanƙyashe ta, kafin ta mutu a ciki. Furen da ya sami ƙwai yakan zama abincin tsutsa, wanda ya tsira kuwa ya zama iri. Bayan 'yan makonni mazan, waɗanda ba su da fikafikai, su ne suke fara fitowa, su sadu da matan tun suna cikin ɗakunansu, su huda musu mafita a jikin ɓauren, su mutu ba tare da sun bar shi ba. Su ne ƙwarin da yara suke hurewa idan sun ɓare ɓaure.

Macen da ta fita kwana ɗaya ko biyu kawai take rayuwa, saboda haka dole ta sami itacen da 'ya'yansa suke ɗanyu a daidai lokacin, abin da ya sa itatuwan ba sa nuna tare, kuma wannan ne yake ciyar da jemagu da tsuntsaye da birai a lokacin da sauran daji ya bushe. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan ɓauren kogin Ugab na Namibiya ya nuna iska tana ɗaukar ƙwaron har kimanin kilomita 160.

Sai dai durumi da ceɗiyar cikin gari ba ƙwaro ne ya samar da yawancinsu ba, reshe ake sarewa a kafa da damina ya kama. Haka ɓauren Masar ya daɗe yana rayuwa, inda ƙwaronsa ba ya nan kuma 'ya'yansa ba sa ƙulla iri. Amma 'yar ceɗiyar da ke tsirowa a tsagin katanga ko a wuyan giginya, tana sako saiwoyi ƙasa har ta shaƙe mai masaukinta, daga irin da jemage ko tsuntsu ya kasayar ta fito.