Gwajin Tsofaffin Guntayen Lantarki Domin Gano Lahanin Ciki

Guntun lantarki, wanda masu gyaran waya ke kira IC, ɗan yankin silikon ne da aka rufe cikin baƙar roba mai tauri, aka haɗa shi da ƙafafunsa na waje da wayoyin da suka fi gashin kai siranta. Da yake ana cire irin waɗannan guntaye daga matattun na'urori a wanke su a sake sayarwa, kamar yadda aka daɗe ana yi a garin Guiyu na ƙasar Sin, tantance lafiyarsu ya zama wajibi. A shekarar 2012 kwamitin majalisar dattawan Amurka mai kula da harkokin soja ya ba da rahoton cewa kayan lantarki fiye da miliyan ɗaya da ake zargin jabu ne sun shiga hanyoyin sayen kayan sojan ƙasar.

Sau da yawa cirewar ce ke jawo lahanin, domin robar tana shan laima daga iska, kuma idan aka hura mata zafin da ya haura digiri 200 don narkar da dalma, sai laimar ta zama tururi ta ɓanɓare robar daga jikin silikon, ko ta tsage ta daga ciki, alhali waje lafiya lau. Hoton X-ray yana nuna wayar da ta tsinke, amma irin wannan ɓanɓarewa takan ɓoye masa, shi ya sa ake nutsar da guntun cikin ruwa a aika masa sauti mai tsinin da kunne ba ya ji, wanda ke dawowa da ƙarfi duk inda ya tarar da gurbin iska. Ƙunar da tartsatsin lantarki daga jikin mutum ke yi kuwa, ana gano ta ne ta hanyar auna yadda kowace ƙafa ke karɓar wuta a kwatanta da guntu mai lafiya. Idan shakka ta rage, akan narkar da robar wasu kaɗan da asid a duba silikon ɗin da madubin ƙara girma.

Mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano galibi da mitar awon wuta yake aiki, kuma tana kama ƙafar da ta haɗe ko ta yanke, sai dai ba ta ganin tsagewar da za ta buɗe bayan watanni. Wannan awon ya wadatar ga wayar hannu, amma bai isa ba ga na'urar asibiti ko ta jirgin sama.