Zaman Masu Sana'ar Kwamfuta A Kurudu

Jama'a, akwai wata sana'a wadda yara su ke yawan tambayarmu labarinta in mun fita koyon koyarwa, watau sana'ar kwamfuta. Yaro ya kan ga wani saurayi a unguwarsu, ba ya zuwa gona, ba ya zuwa kasuwa, wani lokaci ko ofis ba ya zuwa, amma ga shi yana biyan kuɗin haya, jifa-jifa kuma a ji ya hau jirgin sama ya tafi taro. Waɗansu iyaye suna tsammani zaman banza ne, waɗansu ma har su ce ɗan damfara ne. Malamin da ba shi da amsa zai bar yaro da wannan zato. Saboda haka ga ɗan bayani, zan kuwa ɗauki Kurudu misali.

Kurudu tana gefen Abuja, bisa hanyar da ta tashi daga Nyanya ta bi ta Karu da Jikwoyi, ta wuce Orozo har Karshi. Ƙananan ma'aikata da yawa sun zauna can, gama hayar ɗaki a Maitama ko Wuse ta fi ƙarfinsu. Amma manyan ofisoshin sana'ar, kamar hukumar NITDA wadda aka kafa cikin 2001, suna cikin birni. To, wanda aikinsa ya ke ofis tilas ya yi sammako, don cunkoson motoci tsakanin Nyanya da Kugbo ba ya jiran kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai, har waɗansu suka gwammace su yi aiki daga gida.

Aikin kansa iri-iri ne. Akwai mai rubuta manhaja, watau jerin umurnin da na'ura ta ke bi. Akwai mai zana yadda fuskar manhajar za ta bayyana a waya, da mai gwada ta ya nemo kuskure, da mai sauraron kukan masu amfani da ita. A kamfanoni da yawa a kan fara yini da gajeren taro na kamar minti 15. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tsare masa hanya. Wanda ya rubuta wani sashe ba ya haɗa shi da sauran aikin sai abokin aikinsa ya duba ya yarda, kamar yadda malamanmu su ke duba littafin shirin darasi kafin mu shiga aji. Ashe mutumin da ka ga ya zauna shi kaɗai a ɗaki, da mutane ya ke yini.

Mai aiki daga gida yana da nasa ciwon kai. In an ɗauke wuta sai janareta ko batirin hasken rana, kuma kuɗin data daga aljihunsa ya kan fito. Ran 14 ga Maris 2024 waɗansu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin mutane da yawa ya tsaya cik. Ga kuma bambancin lokaci. Sa'ad da ƙarfe 9 na safe ya yi a Kalifoniya ta Amurka, a nan ƙarfe 5 ne ko 6 na yamma. Wanda ya ke yi wa kamfanin can aiki sai ya fara sa'ad da maƙwabta su ke dawowa, ya kai tsakar dare. In an gan shi yana barci da hantsi, kada a yi saurin kiransa rago.

Yanzu sai maganar taro, wadda ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Taron iri biyu ne. Akwai na gida, kamar DevFest wanda ƙungiyoyin masu rubuta manhaja su ke shiryawa wajen ƙarshen shekara a Abuja da Kano da Kaduna da Ikko, watau Legas. Akwai kuma babbar baje koli irin GITEX, wadda aka fara a Dubai cikin 1981, aka buɗe reshenta na Afirka a Marrakesh ta ƙasar Maroko cikin 2023, sa'an nan aka yi ta a Abuja da Ikko cikin Satumba 2025.

Tafiyar ba shan iska ba ce. Filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa ta Idu duk suna ɗaya gefen birni, saboda haka mutumin Kurudu sai ya ratsa Abuja duka kafin ya ce ya kama hanya. Wanda zai fita waje yana bukatar fasfo da biza, biza kuwa ba a hannunsa ta ke ba. Daga 2022 har Yuli 2024 ƙasar da Dubai ta ke ciki ta tsai da ba yawancin mutanen Nijeriya biza. In kamfani bai ɗauki nauyin jirgi da masauki ba, mutum ya kan ci albashinsa a tafiya guda.

To, me ya sa su ke wahalar da kansu haka, tun da ya ke yawancin laccocin ana iya kallonsu a waya? Amsar tana wurin kakanninmu fatake. Mai zuwa Gwanja sayen goro ba da kaya kaɗai ya kan komo ba. A zango ya ke sanin mai masauki, ya ji farashi, ya gane wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba. Haka taron kwamfuta ya ke. Abin da ya fi lacca amfani shi ne hirar bakin ƙofa, da lokacin shan shayi, da cin tsire da dare bayan an tashi. A nan mai neman ma'aikaci ya ke ganin fuskar wanda ya daɗe yana karanta aikinsa, mai jari kuma ya auna hankalin mai neman jari. Kuɗin da a ke magana ba ƙanana ba ne, gama cikin 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Ikko a kan fiye da dala miliyan 200. Zumunta a ƙafa ta ke, ko a sana'ar da a ke yi ta waya.

Amma akwai abin dubawa. Hirar dare ba kowa ta ke yi wa daidai ba. Wani ba ya zama inda a ke shan giya. Mace mai goyo ba ta iya kai ƙarfe 11 a waje. Mutumin Kurudu kuwa yana duban agogo, don in dare ya yi mota ta kan yi wuya. Ta haka mai gwaninta ya kan rasa aikin da wanda bai kai shi ba ya samu, don kawai wancan ya zauna har aka watse. Masu shirya taro za su kyauta in sun sa lokacin sanayya da rana, cikin tsarin taron kansa.

Mu fa, ina ruwanmu? Ruwanmu babba ne. Cikin 2023 gwamnati ta fara shirin 3MTT da nufin koya wa mutum miliyan 3 irin waɗannan ayyuka, waɗansunsu kuwa daga azuzuwanmu za su fito. Makarantar da ba ta da kwamfuta ko ɗaya tana iya shirya yaro. A koya masa lissafi da dalilinsa, ba haddar amsa kaɗai ba. A sa shi ya rubuta bayani gajere wanda wani zai karanta ya gane. A tsai da shi gaban aji ya faɗi abin da ya yi cikin minti 2, 'yan'uwansa su gyara masa, ya karɓi gyara ba tare da fushi ba. 'Yan mata ma a ba su wannan dama daidai da maza. In uba ya zo yana tambaya ko sana'ar ta mutanen kirki ce, sai mu zaunar da shi mu gaya masa yadda yinin mai yinta ya ke.