Darasin kimiyya a cikin buhun wake

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ajiye wake a Maraɗi ko Ɗan Isa ya san ɓarnar ƙwaro. Ka ɗinke buhu da kaka wake sumul, ka buɗe da bazara ka tarar da huji da gari. To, ta ina ƙwaron ya shiga? Da irin wannan tambaya ake koya wa malaman kimiyyar halittu buɗe darasi, maimakon su cika allo yara su yi ta kwafa.

Wannan salo ya samu shiga a Nijar ta shirin SMASSE, wanda aka faro a Kenya a 1998 da tallafin Japan, ya iso nan a 2006 don horar da malaman lissafi da kimiyya na sakandare. Ana so malami ya shirya darasi, ya koyar, ya duba inda ya kasa, ya gyara. Kayan gwaji kuwa, abin da ke kusa.

Mu ɗauki waken nan. Malami zai raba shi a kwalba biyu. Ɗaya a cika ta a toshe gam, ɗaya a ɗaure bakinta da ƙyalle. Kafin komi, kowane yaro ya rubuta hasashensa. Bayan kamar wata guda, lokacin da ƙwai ke ɗauka ya zama ƙwaro, sai a zube a ƙirga ƙwayoyin da suka huje. Nan yara za su gano cewa ƙwan ya biyo waken tun daga gona, tsutsa na cin sa ta ciki, kuma a kwalbar da aka toshe iskar shaƙa ta ƙare mata. Dabarar ke nan ta buhun PICS mai ninki uku, na jami'ar Purdue ta Amurka, da aka fara yaɗawa a 2007.

A ganina, wuyar aikin tana ga malamin. Wajen shiri dole ya hango amsoshin kuskure, kamar yaron da zai ce zafi ne ke haifar da ƙwaro, ya tanadi tambayar da za ta juyo shi. Sannan ya iya riƙe bakinsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya tashi da hadda.

Akwai kuma cunkoson aji, ga jarrabawar BEPC da ba ta jiran kwalba wata guda. Shi ya sa wani malamin, ko ya samu horon, yake komawa ga allo. Iyaye 'yan kasuwa dai, in yaro ya zo neman rabin tiyar wake da tsofaffin kwalabe, kada a kore shi, aiken malam ne.