Damben Mutum-mutumi: Daga Shagon Walda zuwa Kunyar Masara

A hutun da ya wuce na haɗa mutum-mutumin dambe na farko a shagon waldar wani yayana a Funtua. Kada ku hango wani abu mai hannu da ƙafa. Akwatin ƙarfe ne mai tayoyi da ake tuƙawa da rimot, aikinsa ya kifar da abokin karawa ko ya danna shi da bango.

A San Francisco ta Amurka ne, a 1994, Marc Thorpe ya shirya gasar Robot Wars ta farko. BBC ta fara nuna tata a 1998, BattleBots ta biyo baya a 1999. Ana raba su aji-aji bisa nauyi: manyan BattleBots sun kai kilo 113, a Ingila kuma akwai ajin giram 150 da na kilo 1.5. Turmi ɗaya minti 3 ne. Wanda ya kasa motsi har aka ƙirga goma, an kashe shi ke nan.

Abu huɗu ne ƙashin bayan aikin: moto, batir, na'urar sarrafa gudu, da rimot mai aiki a kan 2.4 GHz. Ni motocin tsofaffin diril biyu na saya a wurin 'yan gwangwan, don suna zuwa da giyarsu. Ɗaya na juya tayoyin dama, ɗaya na hagu. In ka tura dama gaba, hagu baya, sai injin ya juya a inda yake, kamar katafila.

To, ga inda na kwafsa. Dokar kowace gasa ce injin ya tsaya cak da zarar saƙon rimot ya yanke. Na ce wannan ɓata lokaci ne. Ranar gwaji batirin rimot ya mutu, abin ya ci gaba da gudu har ya fasa randar maƙwabta. Wallahi da yaro ne a wurin, da labari ya sha bamban. Haka batirin LiPo: in ya huje yana kama wuta. Makami mai juyawa kuwa sai da fili mai katangar roba mai kauri, don haka na tsaya a kan baki mai kama da shebur.

Wani zai ce wasan yara ne, ga kuɗin makaranta. Amma a gonarmu ta Malumfashi ƙannena na goya tankin feshi mai lita 16, maganin na zuba a bayansu. Injin da zai ɗauke musu wannan goyo, haɗinsa ɗaya da na dambe. Na kai nawa gonar, a kunya ta biyu cikinsa ya dafe ƙasa, tayoyi na juyawa a banza. Nan na fahimci tsayin ciki da ƙarfin juyi fiye da yadda allo ya koya mini.

Shawarata ga ƙungiyarmu: bayan jarrabawa a shirya gasar kilo 1.5, ba makami mai juyawa, kowane sashe ya kawo nasa. Inji gara ya karye a gabanmu mu gane dalili, da ya karye a hannun manomi.