Yaron da Ke Zaman Benci a Ƙwallon Unguwa

Duk wanda ya saba zuwa kallon ƙwallon yara, wato kolts, a filin Kawukudi kusa da Nima ko a filayen zangon Kumasi, ya san akwai wani yaro da ba a rasa irinsa a kowace ƙungiya. Shi ke riga kowa zuwa atisaye, shi ke ɗaukar jakar riguna da ruwan leda, amma ranar wasa a bakin fili yake wuni. In an tuna da shi, to saura minti biyu a tashi. In kuwa ya shiga ƙwallo ta kuɓuce masa, sai abokan wasansa su rufe shi da zagi, manya a bayan layi suna taya su. Batun wannan yaro muke so mu taɓo a wannan wata.

Ba za mu ɗora wa masu horarwa laifin duka ba. Yawancinsu babu mai biyansu ko sisi, da aljihunsu suke sayen ƙwallo, su biya kuɗin mota. Sa'an nan kowa ya ga inda ƙwallo ta kai Mohammed Kudus, wanda ya taso a ƙungiyar Strong Tower ta Nima, ya shiga makarantar Right to Dream, ya tafi Denmak a 2018, Ajax ta saye shi a 2020, West Ham kuma a 2023. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Saboda haka idon koci yana kan yara biyu ko uku da yake fatan masu neman 'yan wasa za su gani, sauran kuwa cikon benci ne.

Amma wa ya ce yaron nan bai iya ba? A nan ne gizo ke saƙa. Muna alfahari da kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da Gana ta ɗauka a Italiya a 1991 da kuma Ekwado a 1995, duk da haka babu wanda bai san cutar rage shekaru a ƙwallon yara ba. Ita ce ta sa FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar 2009. A filin unguwa babu wannan na'ura. Sau da yawa yaron da ake kira rago shi kaɗai ne ɗan shekara 12 na gaskiya a cikin 'yan 15 masu ɓoyayyen gemu. Ko da kowa ya faɗi gaskiya ma, wanda aka haifa a Janairu ya girmi na Disamba da kusan shekara guda, kuma a wannan lokaci na girma, shekara guda ba ƙaramar tazara ba ce a tsawo da ƙarfi da gudu. Jamie Vardy yana ɗan shekara 16 ƙungiyar Sheffield Wednesday ta sallame shi wai jikinsa ya yi ƙanƙanta. Ya yi aikin masana'anta yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi, har a 2016 ya ɗauki kofin firimiya na Ingila da Leicester, tare da namu Jeffrey Schlupp da Daniel Amartey.

Wasu sun daɗe da ɗaukar mataki. A Amurka ƙungiyar ƙwallon yara ta AYSO, wadda aka kafa a 1964, dokarta ita ce kowane yaro sai ya buga aƙalla rabin kowane wasa. A garin Bryne na ƙasar Nowe kuwa, inda Erling Haaland ya taso, kocinsu ya riƙe yara kamar 40 shekara da shekaru bai kori ko ɗaya ba, gwani da ɗan koyo suna atisaye tare, kuma shida daga cikinsu suka zama ƙwararru. Mun san za a ce Nowe ba Nima ba ce, su suna da filin da aka rufe da rufi. Gaskiya ne. Amma minti talatin na wasa ba da sidi ake sayensa ba.

Dokokin ƙwallo ma ba su hana ba, domin a wasan yara an yarda wanda aka fitar ya sake komawa, muddin hukumar ƙasa ta amince. Mu a ganinmu ya fi kyau a fara wasa da yaron tun ana babu ci, maimakon a jefa shi a ƙarshe lokacin da hankalin kowa ya tashi, kuskure ɗaya ya zama nasa har abada. A sa shi kusa da ɗan wasa mai sanyin hali, a ba shi aiki guda da ya gane, misali ya tsare mutum ɗaya ko ya miƙa wa na kusa da shi. Kyaftin kuma a gaya masa tun a wurin atisaye cewa wanda ya zagi ɗan'uwansa a fili shi ne zai fito, ko da shi ne mai cin ƙwallaye. Yara suna saurin gane abin da koci ba ya wasa da shi.

Ga 'yan ƙasa da 17, ko ranar wasan ƙarshe, ba mu musa cewa koci yana da ikon zaɓen waɗanda ya ga dama. Sai dai ya kira yaron gefe tun daren jajibiri ya gaya masa, kada ya bar shi ya gayyato mahaifiyarsa ta rufe tukunyar wake da shinkafarta ta zo kallon benci.

Muna roƙon shugabannin samari da masu shirya gasar Sallah a zangunanmu su sa sharaɗi ɗaya a takardar shiga gasa ta 'yan ƙasa da 13: duk yaron da aka rubuta sunansa sai ya buga rabin lokaci, alƙalin wasa ya duba takardar a lokacin hutu, ƙungiyar da ta saɓa kuma a cire mata maki.